Rigar Ango a Cikin Sabar

Gyara ne ya fara kai Nu'man shagon ɗinkin Alhaji Mijinyawa a unguwar Briqueterie. Manhajar tsaro ce ke mutuwa a kan sabar, wato babbar kwamfutar da ke ajiye zanen aikin rigunan masu oda. Afra'u, 'yar Alhaji mai zana aikin, ta nuna masa ɗakin, ta ɗago ido sau ɗaya. Bawan Allah har lambar sirrinsa sai da ya manta.

Ya tayar da manhajar, ba a jima ba ta sake faɗuwa. Yau ya zo, gobe ya dawo, har gaisuwa ta zama hira, hira ta zama so.

"Malamina, marar lafiyarka ta sake suma," Afra'u kan rubuto masa.

"Ga ni tafe daga Tsinga, hasken idona."

Ilyas, wani mai gyara da shi ma ke son Afra'u, ya raɗa wa Alhaji cewa da gangan yaron ke barin ciwon don ya riƙa zuwa. Wai a kashe manhajar kowa ya huta. Alhaji ya kira Nu'man ya faɗa masa.

"In aka kashe ta, Baba, ɓarayin intanet za su kwashe zanen mutane," in ji Nu'man.

"To gyara ta yau, ka kuma faɗa min dalili. Ba na ba maha'inci 'yata."

Nu'man ya zauna yana bin sawun manhajar. Ashe kullum a kan fayil guda take mutuwa, wani ƙato da ke ta ƙara girma. Da ta zo bincikarsa sai ƙwaƙwalwar sabar ta cika. Ya buɗe. Zanen babbar rigar ango ne, Afra'u ke ƙara masa ado a ɓoye, ta kuma sa masa suna Nu'man.

Idonsa ya cika da ƙwalla. Faɗar gaskiya za ta wanke shi, amma za ta kunyata yarinya a gaban mahaifinta da teloli. Ya ƙara wa sabar ƙwaƙwalwa, ya gwada, manhajar ta tsaya daram.

"Dalilin fa?" in ji Alhaji.

"Ta warke, Baba. Dalilin kuwa, a yi min afuwa."

Alhaji ya nuna masa ƙofa.

"Ka gani, ko?" Afra'u ta rubuto masa.

"Na gani. Ban taɓa ganin abin da ya kai shi kyau ba. Ba kuwa wanda zai ji a bakina."

Bayan la'asar Afra'u ta durƙusa gaban mahaifinta, ta buɗe zanen.

"Baba, ni ce ciwon na'urar. Asirina Nu'man ya rufa."

Alhaji ya daɗe yana kallo da idon tela. Kunyar zargin da ya yi ta kama shi.

"Kafaɗarsa ba ta kai haka faɗi ba," ya ce a hankali. "Ki ce ya turo manyansa. Ni zan auna shi da kaina."

Ranar ɗaurin aure, rigar ce a jikin Nu'man, zanen Afra'u, ɗinkin Alhaji. Tsohon ya gyara masa wuyanta ya ce, "Yadda ka rufa mata asiri, Allah Ya rufa naku duniya da lahira."