Bangon Kaye da Burtalin Buba

A wani gari na ƙasar Arewa akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Mahaifiyarta, Madam Ummuhani, ita aka ɗora wa kula da wani babban aiki a kotun garin. Ana ɗaukar hoton tsofaffin takardun shari'a, ana zuba su cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa. Samari uku ke ɗaukar hoton, ita kuma tana bin aikinsu shafi bayan shafi.

Kakan yarinyar, Malam Gado, ya shekara talatin yana magatakarda a wannan kotu kafin ya aje aiki. Kullum da la'asar yakan ba jikarsa labarin zamaninsu.

"Amaryata," yakan ce, "mu da alƙalami da tawada muka yi aiki. Takarda ɗaya, sai ka yi tunani sau uku kafin ka ɓata ta."

"Kai dai tsoho, zamaninku ya wuce," in ji yarinya tana dariya. "Yanzu komai na cikin na'ura."

Da aka koma lakwal, wato makaranta, Mushe, malamin ajinsu, ya ce kowa ya yi wa kayensa, wato littafinsa na rubutu, bango. Ran nan yarinya ta kai wa mahaifiyarta abinci a biro, wato ofishinsu na kotu. A bakin ƙofa ta ga tarin tsofaffin bangwayen takardu masu kauri, waɗanda aka cire abin da ke cikinsu. Ta ce a ranta, "Ai an gama da waɗannan." Ta zari ɗaya ba ta tambayi kowa ba. A gida ta naɗe kayenta da shi, ya yi kyau.

Bayan mako biyu, Madam Ummuhani ta dawo gida ranta a ɓace. Ta zauna gaban mahaifinta, Malam Gado.

"Baba, wani makiyayi ne, Buba, daga wajen Sukukutane. Wani manomi ya shuka wake a kan burtalin da shanunsa ke bi zuwa ruwa. Akwai tsohon hukunci a kan wurin, mun same shi cikin na'ura. Hukuncin ya ce a dubi taswira, amma babu taswira. Sau biyu ke nan Buba na zuwa. In ba a samu ba, shanunsa za su rasa hanya."

Malam Gado ya gyara zama. "Na tuna wannan shari'a. Ni na bi alƙali a kan doki, muka auna wurin da igiya, daga tsamiya zuwa rijiya. Kun duba cikin bangon?"

"Wane bango, Baba?"

"A lokacinmu takarda na da wuya. Taswira a cikin bango muke zana ta, da fensir. Haka aka koya mana."

"Mun ƙirga bangwayen yau," in ji Madam Ummuhani a hankali. "Na wannan shari'a ne kaɗai babu."

Yarinya ta tashi. Ta shiga ɗaki, ta kwance bangon kayenta. Ga zane nan: tsamiya, rijiya, da layi biyu a tsakaninsu. Sannan ta fito tana kuka, ta miƙa wa mahaifiyarta.

"Inna, ni na ɗauka. Na zaci shara ce."

"Ke! Wa kika tambaya?"

"Ba kowa."

"To, gobe da bakinki za ki gaya wa mutumin da kika wahalar."

Da safe suka tarad da Buba zaune a inuwar kotu, ya ɗora sanda a kafaɗa. Yarinya ta durƙusa ta faɗi abin da ta yi. Buba ya dube ta, ya dubi takardar.

"Ashe burtalina lakwal ya tafi?" ya ce. "To, Allah ya sa ya koyo karatu. Tashi, ɗiyata, na yafe."

Alƙali ya duba taswirar, aka je aka ga wurin, aka buɗe wa shanun Buba hanyarsu.

Madam Ummuhani ta tara samarin nan ta ce, "Ni ma na yi sakaci, ban tambayi na gaba da ni ba. Daga yau kowane bango sai an ɗauki hotonsa ciki da waje." Ta roƙi mahaifinta ya riƙa zuwa sau biyu a mako yana nuna musu yadda aka tsara takardun dā. Tsoho ya sa babbar rigarsa, ya koma biron da ya bari tun da daɗewa, yana ta murmushi.

Yarinya kuwa ta samu bango sabo, wanda ta roƙa aka ba ta.

Yara, kada ku ɗauki abin da ba naku ba sai kun tambaya, ko da kun ga kamar an yar da shi. In kuma kuka yi kuskure, ku faɗi gaskiya tun da wuri.