Akawun ɗin da Auta Ba Ta Rufe Ba

"Wannan hotonka ne, ko ba naka ba ne?"

Muryar Baba ba ta tashi sama ba, kuma abin da ya fi tsorata Auta ke nan. Tana tsaye a bakin ƙofar falo da tire a hannu.

Likita, mai neman aurenta, ya ɗaga kai ya dubi sabon talabijin ɗin da ke manne a bango. Can a kusurwar sama ga ɗan hotonsa nan, yana murmushi cikin farar rigar asibiti. A ƙasa kuwa, a layin da ke nuna abubuwan da mai akawun ya kalla, an jera wasu bidiyoyi da ko sunayensu ba sa faɗuwa a gaban manya.

"Hotona ne, Baba."

"Akawun ɗin fa?"

"Nawa ne."

"Innalillahi!" Goggo, ƙanwar Baba, ta tafa hannu. "Yaya, ka gani ko? Tun yaushe nake faɗa maka masu sunkuyar da kan nan ba a shaidarsu! Wannan za ka ɗauki 'yarka ka ba?"

Ɗanta, wanda duk dangi ke kira Ɗan Gayu, yana gefe ya harɗe ƙafa, sai girgiza kai yake kamar abin ya dame shi. Shekara da shekaru yana son Auta, ita kuwa ko ƙanshin turarensa ba ta son shaƙa.

Likita ya juyo ya dubi Auta.

Kallo ɗaya tak.

Ta sunkuyar da kai.

"Baba," in ji shi a hankali, "wallahi ban kalli waɗannan abubuwan ba. Bayan wannan ba ni da abin cewa."

"To tashi ka tafi. Maganar da muka yi da iyayenka kuma, a dakata tukuna."

Ya miƙe, ya durƙusa ya yi sallama kamar yadda ya saba, ya wuce ta gabanta. Ko tire bai taɓa ba, amma ji ta yi kamar da zuciyarta ya fita.

Ta san gaskiya. Ita kaɗai ta sani, kuma ta yi gum.

*

Abin ya samo asali ne tun ranar da babban yayansu ya aiko wa Baba da talabijin ɗin, irin mai shiga intanet. Kwali ya kwana biyu a tsakiyar falo, kowa na zagaye shi, har Likita ya zo zance ya naɗe hannun riga. Shi ba likita ba ne, ma'aikacin jinya ne a ɗakin yara, amma tun da ya taɓa duba gwiwar Baba sunan ya bi shi.

Ya huda bango, ya ɗaga talabijin ɗin sama inda hannun jikoki ba zai kai ba. Ya girgiza shi ya ga bai motsa ba, ya tattare wayoyin wuta ya ɓoye su a baya, sannan ya haɗa shi da intanet ɗin gidan. Auta tana miƙa masa ƙusa tana tsokanarsa.

"Ashe har aikin kafinta ka iya?"

"Wanda ke neman 'yar auta ai dole ya iya komai."

Da suka zo wajen bidiyo, sai talabijin ya ce sai an sa akawun. Baba ba shi da shi, Auta kuma ta manta kalmar sirrinta. Likita ya sa nasa don a gwada. Ana cikin haka aka kira shi daga asibiti, an kawo yaro ba ya numfashi sosai.

"Autata, saurara," ya ce yana sa takalmi. "Idan ya gama sabunta kansa, ki danna hotona, ki zaɓi fita. Sai ki buɗe wa Baba nasa, ki sa lambar sirri saboda yara. Akawun kamar makullin ɗaki ne, ba a barinsa a jikin ƙofa."

"Na ji, ranka ya daɗe."

Da yamma ya kira ta. "Kin fita?"

"Tuni ma!"

Ƙarya ce. Ta ɗauki rimot ɗin da niyyar fita, sai idonta ya faɗa kan wani abu: duk abin da ya kalla a wayarsa yana fitowa a talabijin. Nan take maganar ƙawayenta ta dawo mata, wai asibiti cike yake da 'yan mata masu fararen kaya, wai namiji sai da sa ido. Shaiɗan ya ce mata leƙa sau ɗaya kawai.

Sau ɗayan nan ya zama kullum. Da Baba ya fita, Mama ta shiga kicin, sai ta rage murya ta hau bincike. Me ta samu? Motsa jiki don tsofaffi masu ciwon gwiwa. Yadda ake fentin ƙaramin ɗaki ya yi kamar babba. Wata rana ma har da yadda ake lallashin mace mai saurin fushi, ta yi ta dariya har da riƙe ciki. Ba ta taɓa samun abin zargi ba, kuma ba ta daina ba. Da ya tambayi akawun ɗin Baba, ta ce ta riga ta buɗe. Ƙarya ta biyu ke nan.

Baba labarai kawai yake kallo, bai taɓa shiga wajen bidiyo ba, sai ranar nan da Ɗan Gayu ya ce, "Kawu, bari in nuna maka wani wa'azi mai daɗi," ya miƙa masa rimot.

*

Kwanakin da suka biyo baya Auta ba ta san ɗanɗanon abinci ba. Falo ma ta daina shiga, domin ko a kashe talabijin ɗin yake, gani take yana kallonta. Likita bai kira ba, bai turo saƙo ba. Ta rubuta masa "ka yafe mini" ta goge, ta sake rubutawa ta sake gogewa.

Goggo kuwa ba ta zauna ba. Gida-gida ta bi dangi, har maganar ta kai kunnen mahaifiyar Likita. Matar ta kira Mama tana kuka, Auta na jin muryarta daga wayar.

"Ni na haife shi, na san tarbiyyar da na yi masa. Yaron nan ya daina cin abinci, kuma ya ƙi gaya mini komai..."

Auta ta ruga ɗaki ta danna fuskarta cikin matashi. An shafa wa bawan Allah kashin kaji a gaban idonta, ita ce ta buɗe ƙofar, kuma kunyar a ce ta yi ƙarya ta fi mata mutuncinsa. Ta tsani kanta ƙwarai.

Wata safiya tana shanya a bayan gida Ɗan Gayu ya zo ya jingina da bango.

"Ƙanwata, kin rame fa. Ki gode wa Allah da asirinsa ya tonu tun kafin a ɗaura."

"Yaya, don Allah ka rabu da ni."

"Mutumin da aka bar masa akawun a buɗe kamar kasuwa..." Ya yi murmushi. "Kowa ya ɗauki rimot sai ya rubuta abin da ya ga dama."

Rigar da ke hannunta ta faɗi ƙasa. Ta tuna ranar da za ta fita kasuwa ya zo jiran Baba, ya zauna shi kaɗai a falo, har ya tura ƙofa wai hayaniyar yara ta dame shi.

"Kai ne!"

"Ni ne me? A hankali dai. Na taɓa ganinki ta taga kina bin diddiginsa, kin rage murya kamar ɓarauniya. Kina so Kawu ya ji? Kina so shi Likitan naki ya ji? Ki yi shiru, in yi shiru."

Ya kaɗa makullin motarsa ya tafi.

Da azahar Baba ya kira Mama, Auta na jinsu. "Gobe zan aika a mayar wa su Likita da kayansu. Magana ta ƙare."

Ba ta san lokacin da ta faɗa falon ba. Ta zube a gabansa, gwiwoyinta suka bugi ƙasa.

"Baba, kar ka aika! Ni ce... wallahi ni ce!"

"Ke ce me?"

"Ya ce in fita daga akawun ɗinsa, na ce masa na fita, ban fita ba. Leƙensa nake yi, Baba. Kullum! Ban taɓa ganin abin kunya ba, sai maganin gwiwarka yake nema. Ni na bar shi a buɗe, kowa na iya shiga. Ranar nan ya kalle ni, na yi shiru..."

Kuka ya ci ƙarfinta.

Baba ya ƙura mata ido. Da ya buɗe baki, muryarsa ta fi mari zafi.

"Kina tsaye na kori ɗan mutane?"

"Eh, Baba."

"Ni na haifi mai wannan hali?"

Ya juya ga Mama. "Kira mini yaron nan. Ki kira ƙanwata da ɗanta su ma."

*

Likita ya zo da kayan aiki a jikinsa, ya faɗa sosai. Baba ya ce, "Akwai yadda za a san inda aka kalli abubuwan nan?"

"Akwai, Baba."

Ya buɗe wayarsa ya miƙa. Akawun yana nuna kowace na'ura da aka shiga da ita, da ranar da aka kalli kowane abu. Duk bidiyoyin nan a talabijin ɗin falo aka buɗe su, rana guda, lokacin shi yana bakin aiki.

Mama ta leƙa, ta riƙe haɓa. "Ranar nan ai ina wanki, Auta na aike ta kasuwa. Mutum ɗaya ne ya zauna a falon nan, har ya rufe ƙofa."

Duk ido ya koma kan Ɗan Gayu. Ya fara lalube aljihu, wai ya bar motarsa a kan hanya.

"Je ka gyara ta," in ji Baba, "kuma kar ka dawo sai na neme ka."

Goggo ta buɗe baki, Baba ya ɗaga mata hannu, ta ja mayafi ta bi ɗanta.

"Kai kuma," Baba ya dubi Likita, "kana da wannan a aljihu ka bari na wulaƙanta ka?"

"Da na nuna, Baba, tambaya ta gaba ita ce wa ya bar shi a buɗe."

Auta ta ɗago a firgice. "Ka sani?"

"Tun ranar farko. Wayata ta nuna mini. Ina iya rufe shi daga inda nake, amma na so in ji daga bakinki. Nan ne nawa kuskuren."

Baba ya goge ido da bakin riga. "Ka yafe mini, ɗana. Ita kuwa, tsakaninku ne. In ka ce ka fasa, ba zan ga laifinka ba."

Ya tashi ya fita. Mama ta koma bakin ƙofa ta juya musu baya.

"Likitana..."

"Korar ba ta yi mini ciwo ba, Auta. Na kalle ki, kika sunkuyar da kai. Wannan ne ya hana ni barci."

"Na sani. Ban cancanci ka yafe mini ba. Amma ina roƙonka, don girman Allah..."

"Me kike nema da ba za ki iya tambayata ba?"

"Tsoro nake kar wata ta ƙwace mini kai."

"Sai ga shi ke kika kusa bayar da ni kyauta."

Ta rufe fuska. Ya bar ta ta yi kukanta, bai hana ta ba. Can ya ɗauko rimot daga kan tebur ya ajiye a gabanta.

"Ba zan ce na manta ba, zai ɗauki lokaci. Amma ban fasa ba, sanyin idona. Tashi ki ƙarasa aikin da na ba ki."

Ta share hawaye da bayan hannu, ta kunna talabijin. Hotonsa ya fito a kusurwa.

"Bidiyon lallashin nan..." ta ce cikin shessheƙa, "ka kalle shi har ƙarshe?"

"Don ke na buɗe shi. Na san kina leƙe."

Dariya da kuka suka haɗe mata, har Mama ta yi gyaran murya daga bakin ƙofa.

Ta danna hoton. Talabijin ya tambaye ta ko ta tabbata tana son fita. Ta danna eh.

Hoton ya ɓace daga bango.

Ta juyo a tsorace, kamar shi ma zai ɓace.

Yana nan zaune, yana jiranta.

"Yanzu kira Baba," ya ce, "mu buɗe masa nasa. Lambar sirrin kuma shi kaɗai zai sani."

"Ko ni ba za a gaya wa ba?"

"Musamman ke."