Abincin Ranar Mariyamu

Kular ba ta kai ga shiga ɗakin marasa lafiya ba. Inna ce ta make ta daga hannun Mariyamu, murfi ya yi nasa wuri, burodi da gasasshiyar kaza suka tarwatse a barandar asibitin.

"Kin zo ki ida shi ko?!"

"Inna..."

"Kar ki sake ce min Inna! Ɗana lahiya lau shike kahin shi san ki!"

Mariyamu ta tsaya kamar an dasa ta. Ta gefen labule tana hango Sahabi kwance, bakinsa ya karkace, hannun dama ya saki. Sahabin da saura kwana ashirin da uku a ɗaura musu aure. Shekaranjiya ya yanke jiki ya faɗi cikin jirginsa na ruwa, inji na kunne, fasinjoji na salati.

Nafisa ta taso tana gyara mayafi. 'Yar ƙanen Inna ce, kuma duk dangi sun san tun tana ƙarama ta sa wa Sahabi ido.

"Gwaggo, ai na hwaɗa miki. Kullum sai ta ba shi abin ga a naɗe cikin takarda, ba ta taɓa barin kowa shi ɗanɗana ba. In ba sammu ba, mine ne?"

"Wallahi tallahi ban..."

"Hita!"

Ta durƙusa tana tsince burodin, hawaye na ɗiga a bayan hannunta. Ba wanda ya taya ta.

Mutanen Yelwa dai kifi suka sani. Mai neman kaza cikin burodi sai ɗan gayu, ko wanda ya taɓa zama Abuja yana son a san ya taɓa. Irin waɗannan Madam Blessing ta buɗe wa shago kusa da tasha, mai ƙofar gilashi da fanka uku. Abin da take sayarwa ta ce sunansa sanwici: burodi mai laushi, tsokar kaza gasasshiya, ganyen latas, tumatir, da wata farar miya mai kauri. A bango kuma ta sa aka rubuta da manyan baƙaƙe: GASASSHE YA FI SOYAYYE LAFIYA.

Mariyamu ta haddace rubutun nan kamar karatun allo. Ita ce mai gashi a shagon, kuma kowane ma'aikaci yana da haƙƙin guda ɗaya da rana.

Ranar da Sahabi ya fara shigowa, cajin waya ya kawo shi. Ya ɗauko fasinja tun daga Warra, rana ta gasa shi, ya tsaya yana kallon hoton da ke bango da farashin da ke ƙarƙashinsa.

"'Yammata, wanga burodi da zinari aka cika shi? Sai na ɗauko mutum huɗu kahin in ci guda!"

"Lafiya ake saye, Kyaftin. Babu mai, babu kitse, zallan abin gina jiki."

"To mu talakawa sai mu gina namu da ƙamshi."

Ta yi dariya har sai da ta riƙe ciki. Da zai fita ta miƙa masa nata a naɗe cikin takarda, ta ce kyautar shago ce.

Daga ranar, shekara ɗaya da rabi, ƙarfe ɗaya ba ta taɓa yi Sahabi bai zo ba. Ita kuwa sai ta sha ruwan sanyi ta ɗaure zane, ta ce masa ta riga ta ci. Nasa ma daban take haɗawa: ta ninka farar miyar, ta barbaɗa yaji mai dunƙule, don ya san hannun masoyiya ne.

"Mairona, in na mutu da wanga a baki ban yi hasara ba."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi!"

Wannan maganar ce ta dawo mata tana durƙushe, sai ta ji an dafa kafaɗarta. Sista Rahila ce, ma'aikaciyar jinyar da ke kula da shi. Ta ja ta wani ƙaramin ofis ta rufe ƙofa.

"Ke ce amaryar? Zauna. Wannan abin kike ba shi kullum?"

"Shi ne, Sista. Amma gasasshe ne! Ko ɗigon mai babu!"

"Ban ce da mai ba. Yaya kuke haɗa kazar?"

"Mukan jiƙa ta a ruwan gishiri ta kwana, don ta yi laushi. Da safe a shafe ta da dunƙule da yaji..."

"Farar miyar fa?"

"Da gishiri."

"Burodin ma da nasa." Sista ta yi ajiyar zuciya. "Naman yana gina jiki, wannan ba ƙarya ba ne, kuma ya fi soyayye sauƙin kitse. Amma guda ɗaya irin wannan yakan ɗauki kusan rabin gishirin da ya kamata mai lafiya ya ci a yini. Mai lafiya na ce."

Ta jawo wani kati da ya sha ninki ta ajiye a gabanta. A aljihun Sahabi aka same shi. Kwanan watan da ke jiki ya kai wata goma sha huɗu. Hawan jini. A ƙasa an rubuta da jan biro: ban da gishiri, ban da dunƙule.

"Ya... ya sani?"

"Ya sani. Magani ma sau biyu ya karɓa ya daina zuwa."

"Ni ce ke nan... Sista, ni na kashe shi! Har ƙara masa nake yi!"

"Ki natsu. Mahaifinsa ma wannan ciwon ne ya kayar da shi, ga barin magani, ga busasshen kifin gida. Ba ke kaɗai ba ce. Kuma bai mutu ba. In ya sha magani ya kiyaye abinci, akwai fata."

Fatan bai yi kwana uku ba. Nafisa ta zauna wa Inna a kunne, ta ce ciwon sammu ba na asibiti ba ne, allura ma ƙara shi take yi. Likita ya yi magana har ya gaji. Ranar Lahadi da safe Mariyamu ta zo ta tarar da gado wayam, an tafi da shi ƙauyensu na bakin ruwa, gaba da Warra.

A gida kuma wata wutar ta tarar. Mahaifinta, Malam Tanimu, ya sa an fito da akwatunan lefe an jera a zaure.

"Baba, don Allah..."

"Gari duka an ɗauka ɗiyata mai sammu ce! Jiya a masallaci ba wanda yab ba ni hannu da daɗin rai. Kaya su koma. Kuma in kinka taka ƙauyen nasu, ban yahe ba."

"Gishiri suke ba shi, Baba! Da kanwa, da jiƙe-jiƙe! Za shi mutu!"

"Rai na Allah ne."

Ta zube ta riƙe ƙafarsa. Kuka kawai take yi, irin wanda ba ya fita da sauti. Malam Tanimu mutum ne mai zafi, amma zafinsa na tafasar madara ne.

"Sau guda," ya ce. "Ki kai, ki dawo kahin la'asar."

Ta bar aikin shagon a ranar. Washegari ta sayi ɗanyen kifi a bakin ruwa, ta yi farfesu da albasa da citta da tafarnuwa, ko ƙwayar gishiri babu. Ta karɓo magani da katin nan wurin Sista Rahila ta ƙulle a bakin zane. Cikin jirgin fasinja ta zauna a can baya, inda Sahabi ya saba tsayawa a nasa riƙe da inji, tana rungume da kular kamar jaririya.

A ƙofar gida Nafisa ta tare ta.

"Lallai ba ki da kunya! Gwaggo! Ga ta nan ta biyo shi da saura!"

Inna ta fito, mata maƙwabta suka leƙo ta katanga. A garin, wanda ake zargi da sammu ba a musu da shi, abincinsa ake miƙa masa ya ci a gaban jama'a. Inna ta buɗe kular ta tura mata.

"Ci."

Mariyamu ta ci. Loma ɗaya, biyu, uku, tana kallon idon Inna.

Inna ta tsoma yatsa ta lasa, ta yamutsa fuska.

"Lami! Ba ko gishiri! Wagga ce ƙaunar? Ko akuya ba ta shan wanga!"

"Shi ne maganinshi, Inna. Likita ya hana shi gishiri tun bara, ga katin. Ni ban sani ba... na yi ta ba shi da hannuna. In laifi kike nema, ga shi nan, na ɗauka. Amma wallahi ban taɓa nufinshi da sharri ba."

Daga cikin ɗaki aka ji wata murya mai nauyi, kamar ta wanda ya cika baki da tuwo.

"Mai... ro..."

Ba ta jira izini ba.

Yana kwance kan tabarma, ya rame, an shafe masa rabin jiki da wani baƙin magani. A gefensa ga kwanon miyar busasshen kifi, gishiri har ya yi fari a bakin kwanon. Ta ture shi gefe ta durƙusa.

"Kyaftin... don me? Don me ba ka faɗa min ba?"

Sai da ya yi kokawa da harshensa.

"Da... kin daina."

"Da na daina mana! Da na dafa maka wani abin!"

"Kina miƙo min... kina murmushi... wa zai ce a'a?"

"Ka cuce ni, Sahabi. Ka bar ni ina zuba maka ciwo ina jin daɗi!"

"Yahe min... Mairona."

Ta ɗago kansa ta ɗora a cinyarta, abin da ba ta taɓa yi ba, kuma ba ta damu da wa ke kallo ba. Ta ba shi ƙwayar magani, sannan farfesu cokali uku. Rabi yana zubowa ta gefen bakin tana sharewa da mayafinta.

"Ya yi... daɗi."

"Maƙaryaci."

Ya yi dariya da rabin fuska. Inna na tsaye bakin ƙofa, katin na hannunta a juye, don ba ta iya karatu ba. Rabon da ɗanta ya yi dariya tun ranar da ya faɗi.

"Alhamis akwai jirgin kasuwa," ta ce, ba ta kalli Mariyamu ba. "In kin ga dama ki kawo mai abinci."

Kwana uku Mariyamu ba ta taka ƙasa ba don murna. Malam Tanimu da ya ce sau guda, da kansa ya sayo kifin Alhamis, akwatunan kuma suka koma ɗaki. Ta yi farfesu, ta yi faten wake, har lalle ta sa.

Ranar Alhamis, tun daga nesa ta hango jirginsa. An jawo shi tudu an kife.

Ta ce a ranta gyara za a yi.

Sai ta ga maza suna dawowa ta hanyar bayan gari a jere, ƙafafunsu duk jar ƙasa, wani na ɗauke da makara babu kowa a kai.

"A'a..." ta ce. "A'a! Yau Alhamis ce! Shi ya san yau zan zo!"

Ba ta san yadda ta kai gidan ba. Tsakar gida cike da mata. Da suka gan ta da kula sai kuka ya tsaya, aka fara kallon-kallo. Nafisa ta miƙe, idanunta sun kumbura.

"Kwana ukku da cin abincinta! Ku gani da idonku!"

"Zamna, Nafisa."

Inna ce. Muryarta ta dushe, amma ba wanda bai ji ba.

"Ni nih hiddo shi asibiti. Ni nib ba shi gishiri da hannuna har ranar da yarinyar ga ta zo. In akwai mai laihi, ku dube ni."

Ta miƙo hannu ta karɓi kular. Ta buɗe a gaban kowa, ta juye faten a kwano, ta sa hannu ta kai baki. Lami ne salam, amma ta haɗiye, ta ƙara.

Mariyamu ta sulale ƙasa.

"Inna, ya tafi bai ci ba... na kawo mai, bai ci ba..."

"Da asuba ya tambaye ni ko yau wace rana. Na ce Alhamis. Ya ce to."

Inna ta share ido da gefen zane, ta jawo Mariyamu jikinta, ta tura kwanon gabanta.

"Ya bar min saƙo. Ya ce shekara guda da rabi kina ce mai kin ci, shi kuwa ya san ruwa kike sha. Ya ce in kin zo, kar in bari ki tashi sai kin ci abincin rana."

Ladan ya fara kiran azahar. Ƙarfe ɗaya ta yi.

"Sa hannu, ɗiyata."

Mariyamu ta sa hannu.