Akwatin da Araba ta Buɗe

A gidan su Araba akwai wata doka da kowa ya sani. Ba a buɗe akwatin kayan adon Kirsimeti sai saura kwana biyar. Kakarta, Nana Esi, ita ta kafa dokar tun kafin a haifi Araba. Akwatin yana kan kabad a ɗakin Nana, an ɗaure shi da igiyar taru.

Araba 'yar shekara goma ce. Tana aji biyar a wata makaranta a garin Anomabo, bakin teku. Mahaifiyarta, Maame, bandar kifi take yi, mahaifinta kuwa kafinta ne. Tana da ƙane guda, Fiifi, wanda bai cika shekara biyu ba. Duk abin da ya tsinta, baki yake kai shi.

A ajinsu akwai wata yarinya mai suna Ewurasi. Babanta a jirgin ruwa yake aiki. Tun farkon watan Nuwamba aka lulluɓe gidansu da fitilu, ja da kore da shuɗi. Har bishiyar kwakwar ƙofar gida ba a bari ba.

Wata rana ana hutun tara, Ewurasi ta ce, "Araba, ku yaushe za ku yi naku adon?"

"Mun kusa," in ji Araba.

"Ai su sun riga sun yi," Ewurasi ta faɗa wa sauran yara. "Hayaƙin kifi ne adonsu. Shekara duka a rataye yake!"

Yara suka fashe da dariya. Araba ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Kayanmu sun fi naku yawa," ta ce da ƙarfi. "In kin isa ki zo ran Asabar ki gani."

Da yamma suna cin dokunu, wato tuwon masara mai tsami, da soyayyen kifi, Araba ta matsa kusa da kakarta.

"Nana, don Allah a buɗe akwatin bana da wuri."

"Wane wata muke ciki?"

"Nuwamba."

"To, kin ba kanki amsa. Ko 'yan waƙar coci ba su fara koyon waƙoƙin ba."

"Amma gidan su Ewurasi..."

"Na gani," in ji Nana. "Ko makaho ya gani. Kafin ranar ta zo, idon kowa ya gaji, hayaƙi ya dushe kayan. Ranar za ta zo ta tarar an cinye mata daɗinta."

Araba ta juya wajen mahaifinta. "Paapa, kai ka ce wani abu mana."

"Ni?" Ya yi murmushi. "Ni ma da nake yaro haka na yi ta roƙo. Kin ga dai har yau ban ci nasara ba. Ci abincinki."

Ranar Asabar gidan ya watse da sassafe. Maame ta tafi bakin ruwa tarar masu kwalekwale. Paapa ya tafi shago. Nana ta ɗaura baƙin zanenta za ta jana'iza.

"Ki kula da ƙanenki," ta ce daga bakin ƙofa. "Kada ki ɗauke ido daga kansa."

"To, Nana."

Tana fita, Araba ta jawo kujera. Ta hau, ta sauko da akwatin, ta kwance igiyar.

Ba ta bar komai a ciki ba. Ta rataya takardu masu ƙyalli a taga da ƙofa. Ta ɗaure 'yan ƙararrawa a ƙafafun tebur. Ta jera ƙwallaye masu sheƙi a kan kujeru, wasu ma a ƙasa, don babu sauran wuri. Falon ya cika har ba a ganin bango. Fiifi yana ta tafi yana dariya.

A ƙasan akwatin akwai wani tauraro na roba mai kawo wuta. Araba ta danna shi, ya ƙi kamawa. Ta buɗe bayansa, ta ciro batirin. Ɗan ƙarami ne, zagayayye, mai sheƙi kamar maɓallin riga. Ta goge shi da bakin siket, ta ajiye a kan tabarma.

Sai ta ji ana kiranta daga waje. Ewurasi ce ta iso. Araba ta fita da gudu.

Ewurasi ta leƙa falon, ta taɓe baki. "Da yawa kam. Amma duk tsofaffi ne. Kamar shagon gwanjo." Ko zama ba ta yi ba, ta juya ta tafi.

Araba ta dawo ranta a ɓace. Ta tarar da Fiifi yana tari, idanunsa sun yi ja. Ta duba kan tabarma. Babu batiri. Ta ɗaga tabarmar, ta leƙa ƙarƙashin tebur, ta kakkaɓe rigar Fiifi. Babu.

"Fiifi, buɗe bakinka. Ce aa."

Ya buɗe. Babu komai a ciki.

Ta gaya wa kanta wataƙila ya gangara wani lungu ne. Ta yi maza ta kwashe kayan adon duka, ta cusa su a akwati, ta ɗaure, ta mayar kan kabad. Sannan ta share falon tas.

Da tsakar rana Maame ta dawo da kwandon kifi a ka. Ta ga Fiifi zaune shiru, yawu yana zuba daga bakinsa har ya jiƙa riga. Ta dama masa koko. Ya kurɓa sau ɗaya, ya fashe da kuka, ya ture kofin.

"Me ya same shi? Ya ci wani abu ne?"

Araba ta kalli ƙasa. "A'a, Maame."

"To, haƙori ne zai fito," in ji Maame. Ta goya shi, ta shiga hura wutar banda.

Araba ta zauna tana gyara kifi. Tana jin kukan Fiifi daga bayan Maame. Kukan ba irin na kullum ba ne. Muryarsa ta dushe. Sau biyu ta buɗe baki za ta yi magana. Sau biyu ta tuna fuskar Nana, ta haɗiye maganar.

Wajen ƙarfe uku Nana ta dawo. Ta karɓi Fiifi, ta taɓa goshinsa. Nan take ya yi amai a jikin baƙin zanenta. A cikin aman akwai ɗan jini.

Maame ta yi ihu. "Yesu! Jini!"

Araba ba ta san lokacin da ta durƙusa ba.

"Ni ce! Na buɗe akwatin. Batirin tauraro ya haɗiye. Tun da safe ne."

Maame ta tsaya kamar an dasa ta. "Tun da safe? Na tambaye ki, Araba. Na tambaye ki kika ce a'a!"

"Ba lokacin faɗa ba ne," in ji Nana. "Araba, ruga ki kira babanki. Ki ce ya zo da tasi."

Araba ta fita a guje, ko takalmi babu.

A ƙaramin asibitin garin, ma'aikaciyar jinya tana jin kalmar batiri ta miƙe tsaye. Ta ce kada a ba shi komai, su wuce babban asibitin birni yanzu-yanzu. A cikin mota Fiifi ya daina kuka. Shirun nasa ya fi kukan ba Araba tsoro.

A babban asibiti aka ɗauki hoton ƙirjinsa. Likita, wata mace mai tabarau, ta nuna musu. Ga wani farin abu zagayayye, maƙale a ƙasan wuya.

"Wa ke tare da shi lokacin da ya haɗiye?" ta tambaya.

"Ni ce," in ji Araba da ƙyar.

"Ƙarfe nawa? Ki faɗa mini gaskiya, don da amsarki zan yi aiki."

"Wajen ƙarfe tara."

Likitar ta dubi agogon bango. Biyar ta kusa.

"Irin wannan batiri ba zama kawai yake yi ba," ta ce. "Ƙona maƙogwaro yake yi daga ciki. Da an kawo shi da safe, da aikin ya zo da sauƙi. Za mu yi iya ƙoƙarinmu."

Aka tura Fiifi a kan gado mai taya, aka rufe ƙofa.

Suka zauna a kan dogon benci. Maame tana kuka a hankali. Nana tana addu'a, leɓunanta kawai ke motsi. Paapa ya haɗa kai da gwiwa. Bai zagi Araba ba, bai dake ta ba, bai ko dube ta ba. Ita kuwa ta gwammace a ce dukanta ya yi.

Rana ta kusa faɗuwa likita ta fito.

"Mun ciro shi. Yaron yana da rai. Amma wurin ya ƙone sosai. Ba zai ci komai ta baki ba sai ya warke."

Fiifi ya yi mako uku da kwanaki a asibiti. An saka masa siririyar roba ta hanci, ta nan ake ba shi abinci. An naɗe hannayensa don kada ya fizge ta. Maame ta tare a can. Murhun banda ya mutu, gidan ya yi tsit.

Garin kuwa sai ƙara cika yake yi da hayaniya. Shaguna sun saki kiɗa. Masu kakaki da ganguna suna zagaya tituna. Yara suna harba abin fashewa a kowane lungu. Araba takan toshe kunnuwanta in ta wuce.

A makaranta labari ya bazu. Ewurasi ta zo ta tsaya kusa da ita, ta kasa haɗa ido.

"Ban san haka za ta faru ba," ta ce. "Ki yi haƙuri da abin da na faɗa."

Araba ta gyaɗa kai kawai.

Malamarsu, Madam Eshun, ta tsayar da ita bayan an tashi.

"Kin daina cin abinci, kin daina magana. Me kike tunani?"

"Madam, ni na kusa kashe shi."

"Kin yi kuskure biyu," in ji Madam Eshun. "Na farko kin buɗe akwati. Wannan ƙarami ne. Na biyu kin yi shiru. Wannan shi ne babba. Amma maganar da kika yi daga baya, ita ta cece shi. Kada ki manta da wannan ma."

Araba ta yi kuka har ta gaji. Madam ta bar ta ta yi.

Ranar Lahadi Paapa zai je asibiti, ta tare shi a ƙofa.

"Paapa, ka yafe mini."

Sai ya tsuguna, ya riƙe kafaɗunta.

"Na yafe tun a kan bencin nan. Bakina ne ya yi nauyi. Saka takalminki, ƙanenki yana ta neman ki."

Saura kwana biyar Kirsimeti, Nana ta kira ta ɗaki.

"Hau ki sauko da akwatin. Lokaci ya yi."

"Ba na so, Nana. Ba na son ganin kayan nan har abada."

"Kayan ba su yi laifi ba. Murna ma ba laifi ba ce. Sauko da shi."

Nana ta sa ta zaɓi abu uku kacal. Paapa ya rataye su can sama, inda hannun yaro ba zai kai ba. Duk abin da ke da ƙaramin batiri, aka cire shi daga gidan.

Ana gobe jajibiri aka sallami Fiifi. Ya rame, muryarsa ta yi ƙasa, amma an cire robar. Yana ganin Araba ya miƙa hannu. "Aba! Aba!"

Ranar Kirsimeti, bayan an taso daga coci, suka zauna a tsakar gida. Babu baƙi, babu kiɗa. Maame ta yi fufu da miyar kaza. Fiifi kuwa koko mai ruwa-ruwa likita ta ce a ba shi. Maame ta miƙa wa Araba cokali.

"Ke za ki ba shi."

Ta ɗebo kaɗan, ta hura, ta kai bakinsa. Kowa ya zuba ido. Fiifi ya haɗiye. Bai yi kuka ba. Ya sake buɗe baki, ya bugi kwanon da hannu.

"Ƙara!" ya ce.

Paapa ya yi dariya har da hawaye. Nana ta ɗaga hannu sama tana godiya.

Daga ranar Araba ta riƙe abu biyu. Biki yana da lokacinsa, kuma ba a yin sa don a nuna wa wani. Sannan idan ka yi kuskure, ka faɗa nan da nan, ko da za a yi maka faɗa. Faɗa yana wucewa, amma shiru yana iya cin rai.