Ƙaramar Tankar da Ta Ƙi Gudu

"Abba, ko za ka ƙwace wayar nan, ni dai shi nake so!"

Auta ba ta taɓa ɗaga wa mahaifinta murya ba sai yau. Ta kuma ƙi sunkuyar da kai.

"Mai gyaran waya?" in ji Abba, tsohon sojan da ya yi shekaru yana tuƙa tankar yaƙi. "Wanda kuka haɗu a wasan yaƙi na waya? Shi ne surukin nawa?"

Yayanta ya tuntsire da dariya. Shi ya kai ƙarar, don abokinsa yake yi wa kamu.

"Abba, ko a wasan ma rago ne. Kowa na hawa babbar tanka, shi sai wani gwangwani!"

"Gwangwanin ya fi ka zuciya, Yaya!"

Ta buɗe shafin tankar a wayarta, ta miƙa wa Abba.

"Ga tarihinta yadda wasan ya rubuta. A farkon yaƙi aka ƙera ta. Mutum uku take ɗauka. Sulkenta bai kai kaurin yatsa ba, bindigarta ƙarama, amma ba a kamo ta a gudu..."

Abba ya sa tabarau.

"Ta leƙen asiri ce," in ji shi. "Aikinta ke nan: ta hango maƙiyi, ta faɗa, ta gudu. In ta tsaya, ta mutu."

"To kalli wasanmu na jiya."

Ya kalla. An harbe sarƙar da tankar Auta ke tafiya a kanta a tsakiyar fili, abokan wasa duk sun watse. Sai ga ƙaramar ta dawo a guje, ta gicciya a gabanta, ta tsaya cak. Muryar saurayin ta fito a hankali:

"Gyara sarƙarki, 'yar lele. Ina nan."

Harbi biyu, ta kama da wuta. Ta Auta ta tsira.

"Kullum haka yake yi?"

"Kullum, Abba. Ya san zai faɗi wasan..." Hawaye suka zubo mata. "Na hana shi, ya ƙi."

Abba ya daɗe yana kallon hayaƙin.

"Wannan wauta ce. Da a ƙarƙashina yake, da ya sha horo."

Yaya ya gyara zama yana murmushi.

"Amma ni ba direban tanka nake nema wa 'yata ba." Abba ya miƙa mata wayar. "Ki ce ya turo manyansa." Ya juya ga Yaya. "To, kai kuma tashi ka ba ni wuri!"