Kaset Ɗin 1974

Duk wanda ya san Iliyasu a Malbaza ya san shi da rakodarsa. Da ya bar aiki a masana'antar siminti a 2003, sai ya ɗora wa kansa aikin da ba wanda ya sa shi: zai bi waƙoƙin da suka yi tashe tun daga 1960, shekara bayan shekara, kullum kaset ɗaya bayan la'asar, ya rubuta ra'ayinsa a littafi. Ya tara kaset ɗari uku da 'yan kai a akwatunan ƙarfe. Yakan goge musu ƙurar siminti da bakin rigarsa, gatan da fuskar 'yarsa ba ta taɓa samu ba.

Ita 'yar, Rahinatu, shekararta goma sha shida, kuma kaset ɗaya gare ta. Mahaifiyarta Mariyama ce ta ɗauki muryar kanta a ciki lokacin da aka tura Iliyasu aiki arewa: gaisuwa, labarin gida, sai waƙar daka da ta rera a ƙarshe tana dariya. Mariyama ta shekara biyar da rasuwa. Kullum in uban ya fita masallaci da magariba, Rahinatu kan ɗauki rakodar ta zauna gindin tsamiyar bayan ɗaki ta saurari uwarta.

Shekarar 1974 ce ta gagari Iliyasu. Wata biyu yana neman wani faifan garmaho na shekarar, har ya same shi wurin wani jandarma da aka yi wa canjin aiki, wanda ya ara masa na yini ɗaya tak. Babu sabon kaset a gidan da zai kwafi waƙoƙin a kai, mai kanti kuma ya tafi Konni. Iliyasu bai yi dogon tunani ba, ya ɗaga matashin kan Rahinatu, ya ɗauko kaset ɗinta. Yarinyar ta riga ta karya 'yan kunnuwan kaset ɗin don kada a shafe shi, shi kuwa ya cusa takarda a ramukan, ya danna maɓallin ɗauka.

Da magariba Rahinatu ta kunna, sai garaya da kalangu suka tashi. Ta juya ɗaya gefen, su ne dai. Ba ta yi kuka ba. Tana nan zaune dutse na farko ya faɗo kan kwanon ɗaki. Na biyu ya fasa randa. Kaji suka yi tsit, kuma daga cikin tsamiyar aka fara jin ƙarar taɓarya, alhali ba turmi a wurin.

Kwana uku ana haka, duk magariba. A na huɗu Rahinatu ta faɗi, ta tashi da idanun da ba nata ba. Maƙwabta suka matsa, aka ɗauko Malam Bawa daga Illela, dattijo mara yawan magana. Ya zaunar da ita a tabarma, ya yi ta karatu har duhu ya fara rufe katanga, sannan ya ce, "Wane ne kai?"

Murya mai kauri ta fito daga bakin yarinyar. "Shekara ashirin ina cikin tsamiyar ga. Ina jin Mariyama in tana daka. Da ta mutu, ɗiyar ga ta riƙa kawo min ita. Ban taɓa kowa ba. Wanga mutum ya shafe ta."

"Mi kake so ka hita?"

"Murya anka ɗauke min. Ko shi ƙone duk muryoyin da ya tara, ko in ɗauki ta ɗiyarshi."

Malam Bawa ya roƙa a karɓi rago, aka ƙi. Ya juya ga Iliyasu ya ce, "Ka ji. Kawo su."

Aka hura wuta a tsakar gida. Iliyasu ya riƙa jefawa ɗaya bayan ɗaya, yana karanta shekarar kowanne, yana hawayen da bai yi ba ranar jana'izar matarsa. Da ya zo kan na 1974 sai hannunsa ya tsaya. Jandarman ya tafi da faifansa, ba za a sake samun irinsa ba. Ya faki ido ya sa shi a aljihu.

"Duka ke nan?" in ji malamin.

"Duka ke nan, Malam."

Bakin Rahinatu ya yi murmushi. "Na ji," in ji muryar. "Na tahi."

Yarinyar ta yi atishawa, ta buɗe ido, ta dubi ubanta. Leɓɓanta suka motsa suna neman ruwa, amma ko sauti bai fito ba. Malam Bawa ya dubi aljihun Iliyasu, ya daɗe yana duba. Iliyasu ya zaro kaset ɗin zai jefa a wuta, malamin ya riƙe masa hannu.

"Ka makara. Yanzu in ka ƙone shi, ita ka ƙone."

Washegari Iliyasu ya kunna kaset ɗin. Babu garaya, babu kalangu. Muryar Rahinatu ce tangaran, tana rera waƙar dakan uwarta, har da dariyar ƙarshe.

An kai ta asibiti a Konni, an kai ta wurin malamai, ba ta sake cewa uffan ba. Jifa kuwa ya tsaya tun daga ranar. Kullum da magariba takan ɗauki rakodar ta je gindin tsamiya ta kunna, ta zauna tana sauraren kanta, ganyen yana motsi ko babu iska. Iliyasu ke sayen batir ɗin. Yana jin waƙar daga ɗakinsa, littafinsa a buɗe kan 1974, bai rubuta komai a shafin ba.