Tubabbiya

"Ai ba wanda ya zage ki, Lantana!"

Na kalli Halliru, hawaye na bin kumatuna. Muna tsaye a zauren Inna Azumi, tsohuwar da ta riƙe ni a Makarfi tun da na baro mishan na musulunta.

"Da zagin ne ma da ya fi min sauƙi."

"To me aka yi miki, farin cikina?"

Ta ina zan fara? A mishan ɗin da na tashi, wata Baturiya kan shafa kaina ta kira ni 'yarta cikin Ubangiji, amma kofina daban yake a bayan kicin. Na ɗauka na baro irin wannan a can.

Jiya, ranar sunan ɗan yayarsa, na je gidansu da sassafe. Mahaifiyarsa Hajo ta tarbe ni da fara'a, sannan ta zare muciya daga hannuna.

"Huta abinki, 'yar nan, tuwon suna sai 'yan gida."

Da azahar ina alwala, Atika, 'yar kawunsa da ake so ya aura, ta tafa hannu.

"Ikon Allah! Ku zo ku gani, har shafar kai ta iya!"

Aka yi dariya. Ni ma na yi, don kar a ce na cika fushi.

Duk na faɗa masa.

"Wasa ne fa..."

"Shekarata uku ina salla, Halliru! Yaushe zan daina zama tubabbiya?"

"Ki yi haƙuri. Mahaifiyata cewa ta yi a ɗan jinkirta aurenmu, ki ƙara gogewa."

"Kai kuma ka ce mata me?"

Ya sunkuyar da kai.

Nan na gane ya yarda da maganarta.

"Allah ya sani ina son ka. Amma ba don kai na yi shahada ba, kuma ba zan ƙare rayuwata ana auna imanina ba."

"Lantana, kar ki yi min haka!"

Na shige gida.

Bayan kaka aka ɗaura aurensa da Atika. Kwana biyu ko koko ban iya haɗiyewa ba.

A rana ta uku Inna Azumi ta shigo ɗakina, ta zauna a bakin tabarmata ta miƙo min allonta.

"Idona ya daina ganin rubutu. Tashi ki biya min, 'yata, ke ce malamata yanzu."

Na share fuskata da gefen zane. Na karɓa, na fara biya mata.